Simintin Haƙori da Alƙawarin Fulorayid: Bitar Nazarin Benson da Abokan Aikinsa

Ranar da likita ya cire wa yaro ƙarafan daidaita haƙora rana ce ta murna, amma sau da yawa murnar kan zo da tabo. Haƙoran sun jeru ras, sai dai a gefen inda kowane ƙarfe ya zauna ana ganin fari-farin ɗigo kamar alli. Wannan shi ne matakin farko na ruɓewa: dauɗa ta taru a lungun da buroshi ba ya kaiwa, ƙwayoyin cuta suka mayar da sukari asid, asid ɗin ya zare ma'adinan da ke ƙarfafa ɓawon haƙori. Tun a 1982 Gorelick da abokan aikinsa suka nuna cewa kusan rabin masu ɗaure da ƙarafan kan ƙare da irin wannan tabo.

Yadda za a hana shi ne abin da Philip Benson na Jami'ar Sheffield da abokansa suka duƙufa a kai a nazarin da cibiyar Cochrane ta fara wallafawa a 2004, aka sabunta shi a 2013 da kuma 2019. Bugun ƙarshen ya tattaro gwaje-gwaje 10 da aka yi a kan mutum 1,798. Na karanta shi da sha'awa, musamman inda ya taɓo simintin gilashi da ake iya manna ƙarafan da shi.

Hujjar masu yabon wannan siminti tana da shiga rai. Alan Wilson da Brian Kent ne suka ƙirƙiro shi a Landan, suka bayyana shi a farkon shekarun 1970. Garin gilashi ne mai ɗauke da fulorayid, a kwaɓa shi da wani asid ya daskare. Idan aka jiƙa shi a ɗakin gwaji, yakan saki fulorayid mai yawa a yinin farko, daga nan ya ragu ya koma tsiyaya sannu a hankali, kuma yana iya sake zuƙar wani daga man goge baki. Tunda fulorayid na taimaka wa haƙori ya maido da ma'adinansa, kuma ga shi yana fita a daidai wurin da ɓarnar ke aukuwa, me ya rage?

Abin da ya rage shi ne bakin ɗan Adam, kuma a nan nazarin ya burge ni. Marubutan sun ƙi karɓar awon kwalba a matsayin shaida. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai: tambayarsu guda ce, shin bayan an cire ƙarafa tabon ya ragu? Daga bugun 2013 suka tsaurara sharuɗɗa. Sun ajiye gwaje-gwajen da ake manna siminti iri biyu a baki ɗaya, wannan a dama wancan a hagu, domin miyau na iya kai fulorayid daga wani ɓangare zuwa wani, ya gurɓata sakamakon. Sun kuma ajiye waɗanda ba su bi majiyyaci har ƙarshen aikin ba. Wannan ya sa suka janye daga kyakkyawan zaton da bugun 2004 ya yi wa simintin. Masanin da zai sassauta maganarsa ta jiya saboda ma'auninsa ya ƙara kyau ya cancanci jinjina.

Gwajin da ya fi nauyi a wannan babi Benson ne da kansa ya jagorance shi, aka wallafa a 2019. Mutum 210 aka raba ta hanyar ƙuri'a: wasu aka manna musu da simintin gilashi mai haɗin roba, wasu da gam ɗin da aka saba. Da aka duba hotunan haƙoran bayan cire ƙarafa, ba a ga bambancin kirki a yawan tabo ba. Simintin ya riƙe ƙarafa yadda ya kamata, amma kariyar da ake kirari ba ta bayyana ba. Inda aka ga alamar nasara shi ne kumfar fulorayid mai ƙarfi da likita ke shafawa duk bayan mako shida zuwa takwas, da man goge baki mai fulorayid kashi 5,000 cikin miliyan maimakon wanda aka saba mai kusan 1,450. Ko a nan ma marubutan sun faɗa ƙarara cewa shaidar ba ta da ƙarfi.

Nazarin bai rasa gurbin gyara ba. Tsananin tacewa ya bar kusan kowace tambaya a kan gwaji ɗaya ko biyu, don haka likitan da ke neman umarni kai-tsaye zai tashi da ƙishi. Rashin ganin bambanci a tsakanin yaran da ke goge baki da man fulorayid kullum kuma bai yanke hukunci a kan yaron da ba ya samun wannan ba. Ta yiwu a wurinsa ɗan abin da siminti ke saki ya yi tasiri. Na so a ce marubutan sun daɗe a kan wannan batu.

Duk da haka, ina ba likitocin haƙori da ɗalibai da iyaye shawarar su san wannan aiki. Ya raba abin da kaya ke yi a kwalba da abin da suke yi wa majiyyaci, ya kuma mayar da nauyi inda ya dace. Likita ya zaɓi siminti saboda riƙonsa da sauƙin aiki da shi, amma kada ya ce wa uwa gam zai tsare haƙoran ɗanta. Tsaron yana ga buroshi safe da dare, da rage zaƙi, da fulorayid ɗin da ake ta sabuntawa har ranar da za a cire ƙarafa.