Mako Uku a Gida: Ɗan Hutun da Littattafanmu Suka Kasa Gani

Duk mai bin littattafan da ake saki shafi-shafi a Wattpad da ArewaBooks da zaurukan WhatsApp ya san wannan fitowar. Jirgi ya sauka a filin Malam Aminu Kano ko na Abuja. Baƙaƙen motoci sun jeru. Saurayi ya sauko da baƙin gilashi, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa, magana ma sai ya ga dama, wai miskili ne. Daga Landan yake ko Dubai, likita ne ko matuƙin jirgi, hutu ya zo. Kafin a je ko'ina kakarsa ta sa an ɗaura masa aure da wata 'yar ƙauye, ya yi ta wulaƙanta ta, ta yi wanka ta waye, ya dawo yana roƙo. A ƙarshe su hau jirgi zuwa hutun amarci, marubuciya ta yi mana sallama.

Ba zan kama sunan littafi ɗaya ba, domin wannan zubin ya zama na kowa, kamar rijiyar unguwa. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san irinsa: wani ya gina ƙwarangwal sau ɗaya, sauran su kwafa su canza sunaye da launi. Ƙorafina shi ne an ɗauki ɗaya daga cikin mafi nauyin al'amuran gidajen Hausawa na yau, wato zuwan ɗan da ke zaune a waje ganin gida, an mai da shi ado. A waɗannan littattafai ƙasar waje shaidar kuɗi ce kawai, hutu kuma dabarar kawo namijin kusa da yarinyar. Da zarar sun haɗu, marubuciya ta manta cewa mutumin nan yana da ranar komawa.

Ranar komawar nan kuwa ita ce labarin.

A ɗauki mutumin Roni. Ba sai an ƙirƙiro shi daga sama ba, wannan yanki yana da mutanensa a waje iri-iri. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, lokacin da aka buɗe makarantar Informatics a Kazaure, aka riƙa tura ɗalibai Singafo, wasu suka zarce da aiki. Akwai ɗaliban Jigawa da yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023 ya koro gida ba shiri. Akwai masu aikatau da direbobi a Makka da Jidda. Akwai waɗanda suka bi ta Daura da Kwangwalam zuwa Damagaram da Agadas, suka ɓulla Libiya ko Aljeriya suna leburanci. Littattafanmu ɗaya kawai suka sani a cikinsu, shi ma rigarsa suka sani.

To, an ba shi hutun mako uku. Kwana biyu sun tafi a hanya. Ya kwana a Kano, ya biya Wapa ya yi canji, ya kama hanyar Dawanau da Ɗambatta, ya karya yamma daga Kazaure, duwatsun Roni suka fara bayyana. Bai gama shan ruwa ba Inna za ta fara jero masa waɗanda suka rasu bayan tafiyarsa. Ta'aziyya bashi ce, kuma wadda aka yi ta waya ba ta shiga lissafi. Gobe Amaryawa, jibi Gwiwa wajen gwaggo, gata gidan surukai. Wanda aka fara zuwa gidansa ya san matsayinsa, wanda aka bari ƙarshe shi ma ya sani. Tsaraba kuma awo ce: turmin atamfar da aka ba wannan, an ga wadda aka ba waccan. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kowane yaro mai waya a zaure ya iya lissafa albashin yayansa da naira. Ba wanda ke lissafa masa kuɗin haya da haraji da tikitin da ya ci ajiyar wata huɗu. Ga ƙanen da ya zauna ya riƙe gona da jinyar Baffa shekara biyar, yana kallon yadda aka yanka wa baƙo kaji.

Wane marubuci ne zai ce babu labari a nan? Masu koyar da rubutu suna wahalar neman abin da zai matse jarumi ya hana shi sakat. Ga shi an ba mu kyauta: kwana ashirin da ɗaya, mutum hamsin masu haƙƙi, da tikitin da ba ya ɗaguwa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne magabatan wannan adabi sun san nauyin komowa. Littattafan gasar 1933, wadda Rupert East ya shirya, kusan duk tafiya da dawowa ne. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja ya bar gida neman ruwan magani, ya dawo da shi da buhun labarai. Ganɗoki na Bello Kagara ya dawo yana ba yara labarin inda ya je. Waɗannan komowar nasara ce, ta mai bakin ba da labari. Amma Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi wata hanya a Shaihu Umar. Uwa ta bar gida neman ɗanta, ta faɗa bauta, ta ƙetare hamada, kuma da suka haɗu ƙarfinta ya riga ya ƙare, ba ta jima ba ta rasu. Umar ya komo ƙasar Hausa da ilimi da daraja, amma wadda zai nuna wa babu ita. Shekara casa'in da suka wuce ke nan wani malamin makaranta ya gane cewa nisa yana cin wani abu da dukiya ba ta mayarwa. Jikokinsa a rubutu suna da WhatsApp da kiran bidiyo, sai suka ɗauka nisan ya mutu.

Wanda ya fi kowa kama wannan a ganina shi ne Ɗayyib Salih na Sudan, a littafinsa na 1966, Mausim al-Hijra ila al-Shamal. Mai ba da labarin ya dawo ƙauyensu na bakin Nilu bayan shekara bakwai a Turai, daga baya ya kama aiki a Khartum, sai ya zama ɗan zuwa hutu. An bar masa amanar wata bazawara da 'ya'yanta. Yana can aka yi mata auren dole da wani tsoho, abin ya ƙare da jini, shi kuma ya iso bayan an gama binnewa, kowa yana kauce wa tambayarsa. Ƙauyen bai jira shi ba. Wannan ne littattafanmu na intanet ba sa yarda da shi. A wurinsu gida hoto ne da aka rataye, yadda jarumi ya bar shi haka zai tarar da shi, kowa yana tsaye yana jiran ya sauko daga mota.

Sai batun ɗan ficewa shaƙatawa, wanda a nan ne na fi ganin asarar. A littattafan, tafiya hutu lada ce da ake biyan masoya bayan wahala, kuma dole a ƙetare teku. Za a lissafa mana sunan otal da kalar zanin gado, ba abin da zai faru a can sai sayayya. A zahiri kuwa, mutumin da ya zo daga Jidda ko Manchesta da mako uku, in ya ce zai ɗauki matarsa su je Tiga kwana biyu, ko su yi doguwar tafiya Yankari su shiga ruwan Wikki, ko ma su yini a Daura su ga rijiyar Kusugu su dawo, ya taɓo wuta. Kwana biyun nan daga rabon wa aka cire su? Inna ba za ta hana ba. Za ta ce Allah ya kiyaye hanya, da wata murya da zai tafi da ita har can. Matar kuma, wadda ta shekara biyu a ɗaki ɗaya cikin gidan surukai tana jiran wannan zuwan, ta ga kwana goma sun wuce ba ta samu awa ɗaya da mijinta ba sai bayan sha ɗayan dare, ya shigo a gajiye da ƙurar gaishe-gaishe. In ta nemi tafiyar, ta zama mai raba ɗa da uwa. In ta yi shiru, sai baɗi ko baɗin waccan. Shi kansa yana son ya kwanta wuri ɗaya da ba mai sallama da shi, yana kuma jin kunyar son hakan. Ba mugu ko ɗaya a cikin mutum ukun nan, kuma kowannensu yana da gaskiya. Marubucin da ya iya riƙe wannan shafi talatin ba ya buƙatar boka, ko kishiya mai zuba guba, ko hatsarin mota da zai sa jarumi ya manta kansa.

Na san amsar da za a ba ni, kuma tana da ƙarfi. Mai karatu ta biya kuɗin shiga zaure ne don ta huta da talauci, ba don a nuna mata shi ba. Marubuciya tana bugawa da babban yatsa a waya, kullum sai ta saki shafi, in ta yi jinkiri a bi ta da zagi. A irin wannan gudun, ƙwarangwal da aka saba shi ne mafi sauƙi. Ban raina wannan ba, kuma ban raina mafarki ba. Sai dai waɗannan marubutan su ne gwanayen tsakar gida. Tun daga Balaraba Ramat Yakubu zuwa na yau, ba wanda ya kai su sanin yadda uwar miji ke ajiye kwano ta faɗi magana ba ta buɗe baki ba, ko yadda gaisuwa ke zama mari. Kayan aikin suna hannunsu. Abin mamaki, da zarar jarumin ya fito daga jirgi sai su ajiye wannan basirar su koma lissafin motoci. Ina zargin dalilin shi ne suna rubuta Landan da ba su sani ba, alhali abin da labarin ke nema shi ne zauren da suka sani sarai.

Akwai kuma waɗanda ba a ba su ko layi ɗaya. Matar da ta yi shekara shida tana aikatau a Saudiyya, ta gina wa iyayenta ɗaki, ta zo hutu ta tarar ɗanta yana kiran kishiyar uwarta Umma, ita kuma yana ɓuya in ta miƙa hannu. Saurayin da aka kwaso daga Libiya da leda ɗaya, ya sauka a tashar Kazaure ya jira duhu kafin ya hau babur zuwa gida. Ɗan da aka haifa a Ingila, aka kawo shi hawan sallah a Kazaure, kakarsa tana yi masa wasan jika yana kallon bakin ubansa ya fassara.

Fitowar da nake jira in karanta ƙarama ce. Daren ƙarshe ne, an idar da isha. Akwati a buɗe a tsakar ɗaki, Inna tana cusa kuka da daddawa da yaji da ƙuli-ƙuli, shi yana tunanin kilo ashirin da uku da ma'aunin filin jirgi, ya kasa ce mata ya isa. Matarsa tana bakin ƙofa da nata ƙullin. A waje mai mota ya aiko a tambaya ko ƙarfe nawa za a tashi.