Rawar Zuga: Daga Filayen Amurka Zuwa Makarantun Karfi

Ɗaliban sakandare da yawa sun sha ganinsu a waya: gungun matasa a gefen filin ƙwallo, sanye da kaya iri ɗaya, suna ɗaga hannu a tare, suna rera taken makarantarsu, can sai a cilla ɗaya sama a cafe. Wannan ita ce rawar zuga. Aikinta shi ne ta ƙara wa 'yan wasa ƙaimi, ta kuma tayar da 'yan kallo tsaye.

A Amurka aka haife ta. A 1898 wani ɗalibin Jami'ar Minesota, Johnny Campbell, ya fito gaban 'yan kallo yana ba da waƙa suna amshi. Da fari harkar maza ce, sai a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da samari suka tafi fagen daga, mata suka karɓe ta. A 1948 Lawrence Herkimer ya kafa ƙungiyar horar da masu yin ta, a 2021 kuma Kwamitin Olamfik na Duniya ya ba hukumarta cikakkiyar amincewa.

Ginshiƙinta shi ne haɗin kai. Ana ƙirga taku takwas-takwas, hannu ya miƙe sak, kowa ya dira lokaci ɗaya. In za a ɗaga mutum, akwai masu ɗauka, akwai wanda ake ɗagawa, akwai mai tsaro a baya wanda ba ya ɗauke ido ko na ƙiftawa.

Ɗan Karfi da ya taso a ƙasar noma ta Malumfashi da Funtuwa bai kamata wannan ta zame masa baƙuwa ba. Ranar gayya, makaɗi yana bin bayan manoma da gangar noma, ya kama sunan saurayi da na kakansa. Nan take za ka ga wanda ya fara sanyi ya sunkuya, ya kai kunyarsa bakin gona kafin abokansa. A dandali kuma, 'yan mata masu gaɗa suna tafi, ɗaya ta juya baya ta saki jiki, ƙawayenta su tare ta su cilla ta ta dira da ƙafa. Amanar da ke tsakanin mai faɗawa da masu tarewa ita ce dai wadda ake koyarwa a rawar zuga ta Amurka. Kamar makaɗin gayya, haka Ɗan Anace ya riƙa zuga Shago a fagen dambe.

Bambancin a fili yake. Ta Amurkawa ta fi tamu tsari da atisaye da kiyaye lafiya. Tamu ta fi tasu magana, domin kirari yana taɓa mutum ta inda ya fito. Kwaikwayon tasu ido rufe kuskure ne: suturarta ba ta dace da tarbiyyarmu ba, gina dalar mutane a busasshen fili babu katifa babu ƙwararre kuwa neman karaya ne.

Don haka kira nake ga malaman wasanni da na Hausa. A gasar gidaje ta makaranta, kada a tsaya ga fareti kaɗai. Kowane gida ya tsara takensa da kirarinsa, maza da gangarsu, mata da tafinsu cikin cikakkiyar sutura, a ba su maki kamar yadda ake ba mai tsere. Mu ari tsarin, amma muryar ta zama tamu.