LADAN KUTURU: WAƘAR ZAMANI DA MASU BIYAN KUƊINTA



Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin sa'o'ina, mu da furfura ta kama. Wai waƙa ta mutu a ƙasar Hausa, wai tare da Shata aka binne ta. Duk majalisar dattawan da ka zauna, tun daga Gyadi-Gyadi har bakin kasuwar Tarauni, da zarar ɗan Adaidaita Sahu ya gifta ya ƙure sauti, sai ka ji tsaki ya tashi ta ko'ina, a ce ai fiyano ne ya kashe kiɗa, yaran zamani kuma ba su san Hausa ba. Ni ma kunnena bai gamsu da yawancin abin da nake ji ba. Amma inda na sha bamban da 'yan'uwana shi ne wajen ɗora laifi. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. In kana son ka san dalilin da ya sa waƙa ta zama yadda take, kada ka tsaya kallon mawaƙi, nemi wanda yake biyansa.

Bari mu fara da abin da muka taso muka tarar. Alhaji Mamman Shata ya rasu ranar Juma'a 18 ga Yuni, 1999, a nan kusa da mu, a Asibitin Malam Aminu Kano, aka kai shi Daura aka binne. Kafin nan, a 1988, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta, shi da bai rubuta waƙa a takarda ba. Yadda aikinsa yake shi ne, ya tsaya a fili, makaɗan kalangu suna bayansa suna kaɗawa suna amshi, shi kuma yana ɗinka magana nan take gwargwadon wanda ya gani a wurin. Babu damar a ce a tsaya a sake. In ka yi tuntuɓe, a gaban jama'a ka yi shi. Kuma kalangu ba ganga ce kawai ba, magana yake yi. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, shi ya sa makaɗi yake matse tsarkiya ya saki, kalangu ya bi kalma yadda bakin mutum yake furta ta. Wato kiɗa ne yake bin magana, ba magana ke bin kiɗa ba.

Haka Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da kotsonsa da 'yan amshinsa masu karɓa suna ƙari, har ka rasa inda jagora ya tsaya suka ɗauka. Haka Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa, wanda har yau malaman jami'a suke tsefe Hausarsa. Ɗan Maraya Jos kuwa, da ya rasu a 2015, shi kaɗai ne da kuntiginsa mai tsarkiya ɗaya, amma ya wa karen mota waƙa, ya yi wa ma'aurata nasiha. Ga Barmani Coge ta Funtuwa da ƙwaryarta, ta rasu a 2013, ga Haruna Uji da gurmi, ga Garba Supa da kukuma. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya.

To, amma a faɗi gaskiya, mai karatu. Su ma waɗannan ba don Allah suke waƙa ba. Roƙo sana'a ce. An ba su dawaki, an ba su riguna, an ba su motoci da kujerun Makka, kuma sun wasa mutanen da ba dukkansu ne waliyyai ba. Bambancin yana wuri biyu. Na farko, ubangida a wancan lokaci na har abada ne. Zaman Shata da Sarkin Daura Muhammadu Bashar ba na kaka ɗaya ba ne, shekaru ne masu yawa, shi ya sa ma kabarinsa yake Daura. Wanda zai yi wa sarki waƙa ya san za a ji ta bana, a ji ta baɗi, jikokin sarkin ma su ji, don haka sai ya gina ta da tubali mai ƙwari. Na biyu, talaka ma yana da hannu a cikin abincin mawaƙi. Shi ne yake cika fili ya yi liƙi da ɗan abin da ya samu, shi ne yake sayen faifan garmaho na kamfanin EMI, daga baya kuma kaset. Wanda yake biya kuwa yana da bakin magana. In waƙa ba ta yi ba, sai ya riƙe kuɗinsa, mawaƙi ya ji a jikinsa.

Fiyano ya shigo ne ta ƙofar fim. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a nan Kano, kafin shekara goma kuma finafinan bidiyo sun cika gari. A 1999, shekarar da Shata ya rasu, fim ɗin Sangaya ya fito, waƙarsa ta shiga kowane lungu, daga nan 'yan kasuwa suka gane cewa waƙa ce take sayar da fim. Masu cewa yaran nan ne suka jawo mana Indiya sun manta su wa suke cika silimar Marhaba da Plaza da Orion tun yaran ba su zo duniya ba. Abdu Yaron Goge ma ai ya ɗauki karin waƙar Indiya ya zuba masa Hausa tun da daɗewa. Abin da ya sauya shi ne, da ɗakunan ɗaukar waƙa suka yawaita a titin Gidan Zoo da kewayensa, yaro ɗaya da Yamaha ɗaya ya maye gurbin makaɗa biyar ko shida.

Wannan sauyi bai zo da sharri zalla ba. A da waƙa gado ce, kuma ana yi wa maroƙi kallon ƙasƙanci, har aurensa ma akan yi jayayya a kai. Fiyano ya buɗe ƙofa ga wanda bai gada ba, ɗan malam da ɗan boko da 'ya mace. Kuma mawaƙin zamani da biro da takarda yake zama, ya tsara baiti ya daidaita amsa-amo. In ka duba da kyau, ba jikan Shata ba ne, jikan su Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu ne. Auna shi da ma'aunin kalangu kaɗai zalunci ne.

Inda gizo yake saƙar shi ne kasuwa. Lokacin kaset da faifan CD, akwai dillalai a Ƙofar Wambai da Bata, ko da ana kuka da su kan rabon riba, aƙalla wani abu yana komawa aljihun mai waƙa. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, bayan 'yan shekaru ƙaramin katin memori ya biyo baya. Sai ga masu tura waƙa sun baje kwamfutoci a kasuwar waya ta Farm Centre da kowace kwana, ka miƙa kuɗin da bai wuce na shayi da burodi ba, a cika maka waya da waƙoƙin da wani ya sayar da babur ɗinsa kafin ya buga. Akwai hukumar kare haƙƙin mallaka, an ma sa hannu a kan sabuwar doka a 2023, amma wa ya taɓa jin kunyar karɓar waƙa a banza? Ranar da mai sauraro ya daina saye, ranar ya sauka daga kujerar alƙali.

Da aka rufe wannan ƙofa, sai uku suka rage wa mawaƙi, kuma kowace da irin askin da take nema, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ƙofa ta farko biki. A nan waƙa ɗaya ce ake cire sunan amarya a sa na wata, kamar rigar haya. Ta biyu siyasa, kuma nan ne kuɗi yake. Waƙar siyasa ba sabuwa ba ce, tun zamanin NEPU da NPC ake yin ta, amma ta yau ranta bai wuce shekara huɗu ba, wani lokaci ma kafin a rantsar da gwamnati mai gida ya sauya sheƙa, wanda aka kira zaki bara a kira shi kura bana. Wa zai ɓata dare yana sassaƙa baitin da ya san zai ji kunyarsa gobe? Ta uku YouTube da TikTok da ire-irensu, inda ake biya gwargwadon yawan masu kallo. A can ba a neman waƙa mai tsawon rabin sa'a irin ta Ɗanƙwairo. Ana neman ɗan guntun da bai kai minti ɗaya ba, wanda za a taka rawa a kai, sauran waƙar ko ciko ne ba komai.

Sakamakon yana nan a kunnenmu. Ɗauki waƙoƙin soyayya goma ka cire zuciya da hawaye da masoyiya da alkawari, ka ga abin da zai rage. Ka saurari yadda ake murɗe wuyan kalma don dai ta ƙare da harafin da ake so, ko ma'ana ta tafi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake shirya kiɗa tukuna sannan a tura Hausa ciki, kalmar da ya kamata ta sauka ta hau, wadda ya kamata a ja a datse ta, har Bahaushe ya ji harshensa kamar baƙo ne yake magana. Ga kuma na'urar gyaran murya, Auto-Tune, da aka ƙirƙiro a Amurka a 1997, ta mai da muryoyi duk iri ɗaya. Na taɓa halartar wani biki a Tarauni, mawaƙi yana tsakiyar fili yana ta motsa baki, sai janareto ya mutu. Waƙa ta mutu tare da shi. Bawan Allah nan ya tsaya riƙe da makirfo yana murmushin yaƙe, har wata tsohuwa ta kifa ƙwarya a ruwa ta fara kaɗawa, mata suka karɓa, biki ya ci gaba ba tare da shi ba.

Duk da haka, ƙarya ne a ce babu gwanaye. Aminu Ala, in ka saurare shi, za ka san ya karanta magabata, Hausarsa tana da nauyi, kuma yana taɓa al'amuran jama'a. Naziru M. Ahmad ya dawo da ƙamshin waƙar fada cikin kayan zamani. Nura M. Inuwa ya iya jera magana mai shiga rai, Fati Nijar kuma murya ce da ba ta bukatar aron na'ura. Ko waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker, da ta mamaye gidaje lokacin kullen korona a 2020, ba banza ta kama mutane ba, karinta yana da daɗi kuma Hausarta a zaune take. Baiwa ba ta ƙare ba. Abin da ya ƙare shi ne kasuwar da za ta ciyar da mai baiwa ba tare da ya durƙusa ba.

Abin da nake tsoro ba wai jikokina su ƙi jin Shata ba ne, kowane zamani da kunnensa. Tsorona shi ne ranar da za a nemi mai ɗaure kalangu ko mai sassaƙa kotso a rasa, saboda ɗansa ya ga sana'ar ba ta ciyar da gida ya kama tuƙin Adaidaita. Kuma waƙa rumbun harshe ce. Kalmomin noma da farauta da sarauta da dambe da yawa a bakin su Ɗan Anace da Narambaɗa suka tsira. In waƙar yau ba ta ajiye komai ba, me na gobe za su ɗiba?

Saboda haka ga 'yar shawarata. Ku mawaƙa, a cikin kowace goma da kuka yi don tuwo, ku yi ɗaya don suna, ku kira makaɗin gargajiya ɗakin ɗauka ku biya shi, ku bar Hausa ta ja kiɗa. Ku masu hali, kuɗin da kuke liƙawa a dare ɗaya ya isa a kwashe tsofaffin kaset a adana su kafin zarensu ya ruɓe. Kai kuma mai sauraro, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. In ka ji waƙar da ta yi maka, nemi hanyar da kuɗinka zai isa ga mai ita, ko yaya yake. Wanda bai sa ko kwabo a tukunya ba, ba shi da ta cewa in miya ta yi salam.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.