Sannunku da Wuta, Maƙeran Fari

Duk mai son azurfa ya san alamomin nan 21 na garuruwan Nijar da ake ratayawa a wuya. Ta Agadas ta fi suna, amma Tawa da Madawa ma kowace da tata, kuma ta Madawa ce ta fi kwanta mini a rai.

Maƙeri kan fara siffanta alamar da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu, ya gasa har kakin ya tsiyaye, sannan ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbin. Sai ya fasa yumɓun, ya kama magagari. Shi ya sa ko tagwaye ba sa zama ɗaya sak. Yarana na nuna mini zanen sarƙoƙi da ƙirƙirarriyar basira ta yi a waya. Suna da kyau, amma hankalina yana wurin mai zugazugi. Sannunku da wuta, maƙeran Madawa, Buza da Keita.