Gwanin da Ya Saita Agogon Kwamfutocin Duniya

Duk wanda kwanan watan wayarsa ya taɓa rikicewa a Disina, WhatsApp ya ƙi buɗewa har sai an gyara, ya san na'ura ba ta wasa da lokaci. Dubi rasit ɗin da mai POS yake yago maka: ga kwanan wata, ga awa, ga minti. Idan kuɗi suka maƙale aka nufi banki a Azare, da wannan lokacin ake bin sawunsu. To, wa yake saita agogon kwamfutocin da ke bayan wannan harka, alhali kowane agogo yakan yi gudu ko ya yi nawa?

Aikin wani malami ne, David Mills na Jami'ar Delaware a Amurka, wanda ya fitar da tsarin NTP a 1985, ya yi ta gyaransa shekaru da dama duk da ciwon ido da ya taso da shi. Ya rasu a Janairun 2024.

Dabararsa tana burge ni ƙwarai. A ce ka aiki yaro gidan mai agogo ya tambayo ƙarfe nawa. Kafin ya dawo ai lokaci ya wuce. Sai ka lura da sa'ad da ya fita da sa'ad da ya dawo, ka cire ɗan tsayuwar da ya yi a can, ka raba sauran biyu, ka ƙara a kan amsar. Haka kwamfuta take yi da lambobi huɗu a cikin saƙo ɗan mitsitsi mai bayit 48. Kuma takan tambayi wurare da yawa, ta watsar da wanda amsarsa ta kauce wa ta sauran.

Inda gwanintar ta fi fitowa shi ne wajen ɗaukar jama'a. Na'urar da ke ba da lokaci ba ta buƙatar riƙe bayanin kowa. Ta buga lokaci, ta mayar, ta karɓi na gaba. Mai tambayar kuwa an koya masa kara. Da farko yakan tambaya duk bayan daƙiƙa 64, yana fahimtar halin agogonsa yana ja da baya, har ya kai sau ɗaya a daƙiƙa 1,024. Yi lissafi: kwamfuta miliyan ɗaya a wannan taki, tambaya kusan 1,000 ke nan a daƙiƙa, abin da ko tsohuwar na'ura za ta ɗauka ba gumi. Sannan an jera na'urorin da ke ba da lokacin hawa-hawa. Na sama suna jingine da agogon atom ko tauraron GPS, su ba na ƙasa, na ƙasa su raba wa dubbai.

An ga abin da rashin wannan kara ke jawowa a 2003, lokacin da na'urorin intanet na Netgear fiye da 700,000 suka fito da adireshin na'urar ba da lokaci ta Jami'ar Wisconsin a kafe a cikinsu. In ba su samu amsa ba, sai su maimaita tambaya kowace daƙiƙa, har cunkoson ya nemi toshe hanyar jami'ar. A wannan shekarar ce kuma aka kafa NTP Pool, inda 'yan sa-kai suke haɗa na'urorinsu, dubbai a yau, ana tura kowane mai tambaya zuwa waɗanda suke yankinsa.