Wayar Masu Sauraro Ta Cinye Yinin Rediyo a Jos

Ƙarfe bakwai na safe, Highland FM, reshen Rediyon Najeriya da ke Jos a kan mita 101.5, takan haɗe da Abuja domin labaran ƙasa. Haka ƙarfe huɗu na yamma, haka goma na dare. Waɗannan lokuta uku sun yi shekara da shekaru ba su motsa ba. Abin da ke tsakaninsu ne ya sauya, kuma ba a tasha ɗaya ba. Duk wanda ya murɗa akwatinsa a garin, daga tashar tarayya zuwa Peace FM ta gwamnatin jiha zuwa gidajen 'yan kasuwa, fasali ɗaya zai riƙa cin karo da shi: mai gabatarwa, baƙo ɗaya ko biyu, sai a buɗe layukan waya. "Wa ke magana, kuma daga ina?" Da safe siyasa, da hantsi siyasa, da la'asar sharhi a kan abin da aka faɗa da safe.

Dattawan da suka tashi da Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962 zamanin Sardauna, sun san wani irin yini dabam. Akwai Jakar Magori, akwai Zaɓi Sonka na gaishe-gaishe, akwai Hannu Da Yawa inda Halilu Ahmed Getso ke tsare manya da tambaya har sai sun yi gumi. Akwai filin manoma, da na mata, da na yara, da karatun littafi. Akwai kuma wasan kwaikwayo: Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi ya sa mutanen da ba su taɓa taka bariki ba sun san yadda soja ke karya Hausa. Kowane shiri da marubucinsa, da wanda ya ɗauki rikoda ya shiga ƙauye, da wanda ya zauna ya tace. Mai sauraro yakan kunna don abu ɗaya, ya tashi da ilimin wani abin da bai nema ba.

Dalilin sauyin kuɗi ne, ba wai ƙwararru sun ƙare ba. A 1992 gwamnatin Babangida ta kafa hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, NBC, ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa. A 2001 wayar salula ta shigo. Daga nan lissafi ya fito fili: wasan kwaikwayo na rabin awa yana buƙatar marubuci da 'yan wasa da kwanaki na gwaji, shirin kiran waya kuwa mutum ɗaya da makirufo sun isa, mai kira ma shi ke biyan kuɗin katinsa. Ga tsadar man janareta, ga ɗan siyasa ko mai maganin gargajiya a bakin ƙofa da kuɗin sayen fili a hannu. Manajan da albashin ma'aikata ke wuyansa ba zai daɗe yana tunani ba.

Shirin waya yana da ranarsa, wannan ba abin musu ba ne. Radio Link na safiyar Asabar a Rediyon Najeriya da Ra'ayi Riga na BBC Hausa sun nuna cewa talaka na iya tambayar minista kai tsaye. Matar da famfon unguwarsu ya yi wata da watanni a bushe ba ta da wani dandali da ya fi wannan. Sai dai idan aka kasa kunne na mako guda, muryoyin nan dai su ne: 'yan tsirarun da suka haddace lambobin kowace tasha, wasunsu kuma irin waɗanda Kanawa ke kira sojojin baka. Maza ne galibi, 'yan birni, masu kati. Manomin Bokkos yana gona a lokacin, mai tumatir a Farin Gada tana ciniki.

A Jos kuma magana ba ta da arha. Garin da ya ga rikicin Satumbar 2001 da Nuwambar 2008 da Janairun 2010 ya rabu unguwa-unguwa, har akwai matasan da suka girma a Anguwar Rogo ba su san cikin Kabong ba, da na Kabong da ba su taɓa shiga Gangare ba. Rediyo na cikin 'yan abubuwan da ke ratsa waɗannan iyakoki ba tare da an tsayar da shi ba, kuma da Hausa yake yi, harshen da Birom da Ngas da Tarok da Bafulatani ke ciniki da shi. Wane amfani ake yi da wannan dama? Kalma ɗaya daga bakin mai kira da ya fusata ta riga ta fita kafin a katse layi. Da hukuma ta tashi magani kuma, gudumarta take ɗauka, kamar yadda NBC ta rufe tashar Jay FM ta Jos a 2019, matakin da ƙungiyoyin 'yan jarida suka yi tir da shi. Tsakanin sakin baki da rufe tasha akwai hanya ta uku, wato shirin da aka zauna aka tsara, wanda zai sa wannan unguwa ta ji yadda waccan ke biki da makoki da neman abinci, ba yadda take zargi kawai ba.

Abin takaicin shi ne babu garin da ya kai Jos kayan aikin wannan a Arewa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi tana Vom tun 1924. A Kuru akwai masu binciken dankalin turawa, amfanin gonar da Filato ta fi kowace jiha nomawa, wanda cutar ƙonewar ganye ke yi wa ɓarna duk daminar da ruwa ya yi yawa. Akwai kwalejin talabijin ta NTA a Rayfield, da makarantar koyon fim ta ƙasa, da sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Jos, duk cike da ɗaliban da ke neman inda za a ji aikinsu. A yankin nan aka ɗauki Cock Crow at Dawn a farkon shekarun 1980, wasan talabijin da ya sa Najeriya duka ta zauna kallon labarin noma.

Ingila ma da haka ta fara. The Archers, wasan da BBC Radio 4 ke watsawa har yau, an soma shi a faɗin ƙasar a 1951 don koya wa manoma dabarun zamani, kuma yana zaune a yini ɗaya da labarai da filin mata da shirin kimiyya da karatun littafi. Tashar na iya haka domin ba talla ke riƙe da ita ba.

A nan ne nauyi ya faɗo kan Rediyon Najeriya fiye da kowa. Ɗan kasuwa yana da uzurin riba. Tashar da albashin ma'aikatanta ke fitowa daga baitulmali ba a kafa ta don ta yi tseren karɓar waya da shi ba. Tsadar ma ta ragu: wayar da ke aljihun kowane wakili tana ɗaukar murya tsaf, ana kuma tacewa a kwamfuta ɗaya. Awa biyu a yini da ba a sayar wa kowa ba sun isa a ɗora likitan dabbobi daga Vom da Hausa da Fulatanci, da farashin kabeji da karas daga Farin Gada, da hirar tsofaffin ma'aikatan kuza na Bukuru tun suna raye, da wasan minti goma sha biyar na ɗaliban jami'a. Hukumar Rediyon Najeriya da ke Abuja ce za ta rubuta wannan a jadawali, ta ware masa kuɗi a kasafin shekara.