Hannun da ya iya miyar taushe

Daga ƙarshen watan Agusta zuwa Oktoba, in ka bi hanyar Sakkwato zuwa Jega ta Dogon Daji da Tambuwal, ko ka karkata wajen Kebbe, kusan duk abin da miyar taushe take buƙata yana nan kusa da gida. Kabewa ta yi yaɗo ta haye danga, yakuwa, wadda a nan ake kira sure, tana gefen gonar gero, alayyahu ya yi kore shar, sabuwar gyaɗa kuma ta fara shigowa. Tumatir ne kawai yake wuya, don shi ɗan noman rani ne, da damina sai tsada. Matan yankin ba su zauna jiransa ba. Kabewa ta ba su kauri da launi, yakuwa ta ba su tsami, in an samu ɗan busasshen tumatir a jiƙa a ƙara, in babu ma miya ba ta fasa ba.

Kayan dai kowa ya san su. Inda gwana ta bar sauran mata shi ne sanin lokacin da kowanne zai shiga tukunya.

Tun daga zaɓen kabewa ake gane ta. Za ta ɗaga ta ji nauyi, ta ƙwanƙwasa, in yankakkiya ce ta duba cikin ko ya yi ja sosai, domin wadda ba ta ƙosa ba ruwa kawai za ta saki. Sai ta ɗora sanwa da nama mai ƙashi, ta sa albasa da daddawa da dakakkiyar citta da masoro. Albasa ba baƙuwa ba ce a nan, ga Aliero can gaba kaɗan a Jihar Kebbi. Daddawa kuwa wata ta kalwa take so, wata ta batso, wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa. Cikin romon nan ake jefa kabewar bayan an fere an cire hanjinta. Idan ta yi luguf sai a tsame, a murƙushe da bayan ludayi ko a kirɓa a turmi, a mayar tare da jajjagen tattasai da tarugu da ɗan manja ko man gyaɗa.

Gyaɗa ce take tona asirin mai gaggawa. Ana murje ɓawonta, a daka ta yi laushi, a dama da ruwa kafin a zuba, in ba haka ba ta yi gudaji. Da ta shiga kuma ba a rufe tukunya, don za ta taso ta zube a murhu. Nan za ka ji uwar gida ta ce da 'yarta, "Ke, janye icen nan, garwashi ya isa." Wuta ta yi ƙasa, ludayi yana kai wa gindin tukunya lokaci zuwa lokaci kada ta kama. Ba agogo take dubawa ba. Tana jiran gafin gyaɗar ya fita, ƙamshi ya canza, mai ya taso ya kewaye bakin miyar. Wadda ta sauke kafin nan, duk naman da ta zuba bai hana a ji ɗanye a harshe ba.

Sai ganye. Yakuwa ce take fara shiga, kuma da ma'auni, saboda aikinta ta karya zaƙin kabewa ne, ba ta mamaye tukunya ba. In ta cika tsami wasu sukan yi mata wanka da ruwan zafi su zubar, wasu su sa ɗan ruwan kanwa. Ni dai ina bayan masu ruwan zafi, kanwa in ta yi yawa takan kashe launin miya. Alayyahu da lawashi su ne na ƙarshe, mintuna kaɗan a sauke, zafin tukunya ya ƙarasa su suna kore.

A kudancin Italiya, wajen Kalabiriya da Kamfaniya, akwai irin wannan girki na lokacin zafi da suke kira ciambotta: gauta irin tasu, tattasai, dankalin Turawa, tumatir da albasa a man zaitun, mai tauri ya riga mai laushi shiga. Abin sha'awa, tumatir da tattasai nasu, da gyaɗa da barkono namu, duk daga nahiyar Amurka suka bazu bayan 1492. Yakuwa da ɗorawar da ake samun kalwa kuwa 'yan gida ne.

Ana cin taushe da tuwon shinkafa, amma a ganina da masa mai zafi ta fi tafiya, a ɗiga man shanu a kai. 'Yan mata masu koyon girki a waya, ba laifi ku kalla, sai dai wayar ba za ta shinshina muku gafin gyaɗa ba. Kakar bana ku tsaya kusa da inna ko gwaggo ranar da za ta ɗora taushe, ku roƙa ta bar muku ludayin.